Shayi, biredi da baƙin tambari: yadda Chile ta kama kokawa da ƙibar matasa

Ranar 27 ga Yuni, 2016, wata doka ta fara aiki a ƙasar Chile da ke Kudancin Amurka, ta sauya fuskar kusan kowane kanti a ƙasar. Duk abin ci ko sha da aka rufe a kwali, leda ko kwalba, muddin an ƙara masa sukari, gishiri ko kitse, kuma sukarinsa, gishirinsa, kitsensa ko kalorinsa (wato yawan kuzarin da yake ba jiki) ya haura wani ma'auni, dole a manna masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaba, inda ido zai fara sauka. A cikin tambarin an rubuta "ALTO EN" da Sifaniyanci, wato "ya yi yawa da", sai a ambaci abin da ya yi yawan, a ƙasa kuma ga sunan Ma'aikatar Lafiya. Biskit guda na iya kwasar tambari uku. Damisar nan mai suna Tony da ta shekara da shekaru tana murmushi a kwalin hatsin karin kumallo na kamfanin Kellogg's ta ɓace. Ƙwan cakulan na Kinder mai ɗan abin wasa a ciki, aka hana sayar da shi gaba ɗaya.

Shekara tara bayan haka, a watan Satumba na 2025, UNICEF ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 27 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 19 a Chile suna fama da ƙiba mai yawa. A Amurka, ƙasar da kowa ke nunawa da yatsa idan ana maganar teɓa, kashi 21 ne. Abin da ya sa na ɗauko wannan lamari ke nan: ƙasar da ta fi kowa tsaurara doka, wadda ƙasashe da dama suka kwaikaya, ita ce har yanzu take a sahun gaba wajen ƙibar yara da matasa. Ko dai dokar ta gaza, ko kuma matsalar na zaune a wani lungu da hannun doka bai kai ba. A ganina na biyun ne, kuma lungun yana farawa ne da safiyar ɗalibi.

An yi gudun gara

Wanda bai san tarihin Chile ba zai ɗauka ƙasar masu ƙoshi ce tun asali. Ba haka ba ne. A 1960, cikin jarirai dubu da aka haifa, kusan 120 ba sa cika shekara guda, kuma tamowa na daga cikin manyan dalilai. Gwamnatoci daban-daban, masu ra'ayin da ba ya ga maciji da juna, sun haɗu a kan abu guda: a ciyar da yara. A 1964 aka kafa JUNAEB, hukumar da ke kula da tallafin ɗalibai da ciyarwa a makarantu. Salvador Allende ya hau mulki a 1970 da alkawarin rabin litar madara ga kowane yaro kullum. Likita Fernando Mönckeberg ya kafa cibiyoyin farfaɗo da jarirai masu tamowa a tsakiyar shekarun 1970, shi ne kuma ya assasa INTA, cibiyar nazarin abinci mai gina jiki ta Jami'ar Chile. Zuwa shekara ta 2000, mutuwar jarirai ta sauko ƙasa da 10 cikin dubu.

Nasara ce babba, ba mai musun haka. Sai dai tsarin da aka gina don tura kalori cikin cikin yaro bai san lokacin tsayawa ba. Tattalin arziki ya bunƙasa a shekarun 1990, manyan kantuna suka cika birane, talabijin ya shiga kowane ɗaki, iyaye mata da yawa suka fita aiki, lemon kwalba ya tashi daga abin biki ya koma abin da ake ajiyewa a tebur kowane cin abinci. Tsakanin 1987 da 2000, ƙiba a tsakanin 'yan aji ɗaya na firamare ta tashi daga kusan kashi 7 zuwa kusan 17. Zuwa 2014, ba ƙasar da ta kai Chile yawan kalorin da ake sayar wa kowane mutum ta hanyar abin sha mai sukari. Binciken lafiya na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya gano cewa kashi 74 na 'yan shekara 15 zuwa sama nauyinsu ya wuce ƙima. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma duk a cikin rayuwar mutum guda: kakar da ta yi layin karɓar madara don kada ɗanta ya rame, ita ce yau ake ce wa ta rage wa jikanta abinci. Ba abin mamaki ba ne idan ta ƙi ji.

Safiyar ɗan sakandare

Abin karyawar mutanen Chile ba baƙo ba ne ga Bahaushe: shayi da biredi. A duk Latin Amurka ba wanda ya kai su shan shayi, kuma suna cikin na gaba-gaba a duniya wajen cin biredi, inda ƙiyasin da aka fi ambata yake kusan kilo 90 ga mutum guda a shekara. Biredin da suka fi so iri biyu ne, marraqueta mai ɓawo da hallulla mai faɗi, ana sayensu da zafinsu a gidan biredin unguwa, a kan sikeli. Ana shafa bota, ko fiya da aka dama, ko cuku, ko manjar, wato madarar da aka dafa da sukari har ta yi kauri ta yi ja. Da yamma kuma sai a sake zama a kan wannan shayi da biredin, zaman da suke kira "once", wanda a gidaje da yawa ya maye gurbin abincin dare da ake ɗora tukunya dominsa.

To ga ɗan shekara goma sha biyar. Tun gyaran da aka yi wa tsarin karatu a 1997, yawancin makarantu suna riƙe ɗalibi daga wajen ƙarfe takwas na safe har zuwa la'asar. Santiago, babban birnin ƙasar, gari ne mai faɗi, mai unguwannin talakawa a can gefe, kuma a watannin Yuni da Yuli, lokacin hunturunsu, gari ba ya wayewa sai wajen takwas saura. Ga kuma abin da jiki da kansa yake yi: idan yaro ya balaga, agogon barcinsa yana ja baya, barci ba ya ɗaukarsa da wuri ko da ba waya a hannunsa, balle da ita. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi shida da rabi, ba yunwa yake ji ba, neman ƙarin minti goma yake yi. Ya fita da ciki wayam, ko ya kurɓi shayi a tsaye.

Yunwar tana zuwa ne a hutun farko, wajen tara da rabi ko goma. A nan ne abin da suke kira "colación" yake shigowa, abin taɓawa da aka saka a jaka ko aka saya da kuɗin da mu za mu kira kuɗin tara. Kafin 2016, kantin cikin makaranta cike yake da soyayyen dankali na leda, biskit, alawa da lemo. A bakin ƙofa kuma ga masu amalanke suna soya sopaipilla, wani fanke mai faɗi da ake kwaɓawa da kabewa, ga completo, biredi mai tsawo da sosej da tumatir da fiya, a lafta masa mayonis har ya zubo. Saboda haka idan aka ce matashi "ba ya karyawa", sau da yawa maganar ba daidai ba ce. Yana karyawa. Ya dai ɗage lokacin ne da awa uku, ya kuma sauya mai dafa masa daga uwarsa zuwa kamfani da mai kasko.

Shin rashin karin kumallo ne ke sa ƙiba?

Nan ne ya kamata a yi a hankali, domin an daɗe ana maimaita wata magana kamar karatun allo. Gaskiya ne bincike da dama a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa matasan da ke tsallake karin kumallo sun fi masu ci yawan ƙiba. Wanda aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a jihar Minnesota ta Amurka, an buga shi a 2008: an bi matasa 2,216 har shekara biyar, aka ga waɗanda ke karyawa kullum nauyinsu bai hau kamar na masu tsallakewa ba. An kuma sha ganin cewa 'yanmata sun fi samari barin abincin safe.

Amma tafiya tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Yarinyar da ta ga jikinta ya fara cika, ƙawaye sun fara tsokana, abu na farko da take yankewa shi ne abincin safe, domin shi ya fi sauƙin bari ba tare da an lura ba. A irin wannan hali ƙibar ce ta kawo tsallakewar. Haka kuma gidan da ake zama a karya tare yawanci gida ne da ake kwanciya da wuri, akwai babba a gida da safe, akwai ɗan hali. Abincin safen alama ce ta tsarin gidan, ba lallai shi ne maganin ba.

Da aka gwada abin kai-tsaye, sakamakon bai yi wa masu wa'azin karin kumallo daɗi ba. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da wasu masana daga Ostireliya suka yi a kan gwaje-gwaje 13, inda aka raba manya gida biyu, wasu su karya wasu su bari. Masu karyawar sun ci kusan kalori 260 fiye da sauran a yini, nauyinsu ma ya ɗan ɗara da abin da bai kai rabin kilo ba. Masanan da kansu sun ce gwaje-gwajen gajeru ne, kuma da manya aka yi, ba da yara masu girma ba. A wannan shekarar dai aka fitar da sakamakon wani gwaji a makarantu 16 na birnin Filadelfiya a Amurka, inda aka riƙa kai wa yara abincin safe har cikin aji. Yara da yawa sun ci, abin da ake so ke nan, amma sabbin masu ƙiba sun fi yawa a makarantun da aka yi hakan. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne wasu yaran sau biyu suke karyawa, a gida da a aji.

Wannan ya shafi Chile kai-tsaye, domin shirin ciyarwa na JUNAEB yana ba ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi abincin safe da na rana. Ga yaron da ya fito daga gidan da ba a hura wuta ba, kofin madara da biredin nan shi ne bambanci tsakanin fahimtar darasi da gyangyaɗi, kuma ba mai hankalin da zai ce a cire. Ga wanda ya sha shayi da biredi a gida, ya karɓi na makaranta, ya ƙara da na mai amalanke, ya ci sau uku kafin azahar. Abinci ɗaya, yara biyu, sakamako biyu.

Dokar da yadda aka haife ta

Mutumin da ya ɗauki lamarin a kansa shi ne Sanata Guido Girardi, likita ne kafin ya shiga siyasa, tare da masanan INTA irin su Ricardo Uauy. Tun 2007 aka shigar da ƙudurin majalisa. Kamfanonin abinci suka yi ca a kansa. A 2011 Shugaba Sebastián Piñera ya hau kujerar na-ƙi a kan wasu sassansa, aka yi ta ja-in-ja, daga bisani aka sa hannu a 2012 a matsayin doka mai lamba 20.606. Ko bayan nan sai da aka ƙara shekara uku ana gardama a kan ma'auni da siffar tambarin, har Michelle Bachelet, wadda ita ma likita ce, ta dawo mulki aka kammala ƙa'idojin a 2015.

An tsara ma'aunin ya riƙa tsananta a mataki uku, 2016, 2018 da 2019. A matakin farko, abin ci mai ƙarfi yana samun tambarin sukari ne idan ya wuce giram 22.5 a cikin giram 100. A matakin ƙarshe aka sauke shi zuwa giram 10. Na abin sha ya tsaya a giram 5 cikin mililita 100, alhali lemon kwalba da aka saba sha yana ɗauke da fiye da ninki biyu na haka: gwangwani guda ya kai cokalin shayi tara na sukari. Hikimar dokar ita ce tambarin ba gargaɗi kawai ba ne. Duk abin da ya ɗauki tambari ko guda, ba za a sayar da shi ko a raba shi a cikin makaranta ba, ba za a yi tallarsa ga 'yan ƙasa da shekara 14 ba, ba za a haɗa shi da zanen dabba ko kyautar abin wasa ba. Daga 2018 aka hana tallarsa a talabijin tun daga shida na safe har goma na dare. Tun 2014 ma an riga an ɗaga harajin lemo mai yawan sukari daga kashi 13 zuwa 18. Saƙon da Ma'aikatar Lafiya ta yi ta yaɗawa gajere ne: zaɓi mai ƙarancin tambari, in babu ko ɗaya ya fi.

Abin ya yi aiki a inda aka auna shi. Nazarin da masanan INTA da na Jami'ar North Carolina ta Amurka suka buga a 2020 ya nuna sayen abin sha mai tambari ya ragu da kusan kashi 24. Kwalayen hatsin karin kumallo masu jan hankalin yara sun sauko daga kashi 36 zuwa 21. Kamfanoni, da suka ga ƙorafi da zuwa kotu ba su fisshe su ba, sai suka koma ɗakin gwaji suka rage sukari a yogot, madara mai ɗanɗano da hatsin kwali don su tsere wa tambarin. Wani ɓangare na wannan ragin dabara ce: an cire sukari an zuba sinadaran zaƙi marasa kalori, harshen yaro bai daina neman zaƙi ba. Duk da haka Peru ta bi sahu a 2019, Meziko a 2020, daga baya Ajantina da Kolombiya.

Inda hannun doka ya tsaya

Kowace shekara JUNAEB tana auna tsawo da nauyin ɗalibai a wasu azuzuwa, ciki har da ajin farko na sakandare, ta fitar da abin da take kira taswirar abinci. Taswirar ba ta nuna saukar da aka yi fata ba. Wajen rabin ɗaliban da ake aunawa nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi tsanani a tsakanin 'ya'yan talakawa da yankunan kudu masu sanyi. Adalci ne a faɗi cewa annobar korona ta faɗo a tsakiyar lamarin: an rufe makarantu a Maris na 2020, aka kulle yara a gidaje watanni, JUNAEB ta koma rabon kwandunan kayan abinci, ƙiba ta yi tsalle a 2020 da 2021 kafin ta fara komawa inda take. Adalci ne kuma a ce jikin al'umma da ya ɗauki shekara talatin yana cika ba zai sauka cikin biyar ba. Amma ko an cire waɗannan uzurori, akwai ramuka a bayyane.

Na farko yana kan teburin safe. Tambari na kayan da aka rufe ne. Marraqueta da aka auno a sikeli ba ta da kwali, saboda haka ba ta da tambari, ko guda nawa mutum ya ci. Cokali uku na sukari da yaro ya ɗebo da hannunsa ya zuba a shayi, ba wanda ke ƙirga masa. Dokar ta yi maganin damisar kwali, alhali abin da yawancin gidaje ke karyawa da shi, su kuma sake ci da yamma, bai taɓa shiga kwali ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi ya ga yadda ake zuba sukari da madarar gwangwani ya san abin da nake nufi; harajin naira 10 a kan litar lemo da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 shi ma bai leƙa cikin wannan kofin ba.

Na biyu yana bakin ƙofar makaranta. An share kantin ciki, mai kaskon sopaipilla yana nan a waje, taku ashirin. Masu binciken da suka bi yara da matasa a Santiago kafin dokar da bayanta sun ga sukarin da ake ci a cikin makaranta ya ragu, amma an rama wani ɓangare a waje da ita.

Na uku shi ne matashin kansa, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Da masana suka zauna da iyaye mata shekara guda bayan fara dokar, sai suka ji labari iri biyu. Ƙananan yara sun rungumi abin, sun zama 'yan sandan gida: malama ta ce kada a zo da mai tambari, don haka Mama kada ki saya. Waɗanda suka fara tasawa kuwa sun fi turjiya. Ba wuya a gane dalili. Ɗan shekara shida abin da aka saka masa a jaka yake ci, kuma yardar malama ita ce duniyarsa. Ɗan sha biyar yana da kuɗi a aljihu, yana tafiya makaranta shi kaɗai, yardar abokai yake nema, kuma abin da manya suka manna wa baƙin tambari ba lallai ya tsorata shi ba. Gargaɗin ciwon sukari da hawan jini a shekara arba'in, ga mai jin yunwa ƙarfe goma na safe, magana ce daga wata duniya.

Kariyar da dokar ta yi wa yara daga talla ta tsaya ne a kan 'yan ƙasa da shekara 14, sauran kuma aka dogara da hanin talabijin na shida zuwa goma. Sha huɗu ita ce shekarar da ɗalibin Chile yake shiga sakandare. Ita ce kuma shekarar da ya fi yiwuwa ya daina zama gaban talabijin ɗin falo ya koma kan waya a ɗakinsa, har bayan goman dare, ya makara da safe, ya wuce shayin da aka haɗa masa a tebur, ya fita da kuɗin tara a aljihu.